Shaidar Malam Haladu a Jikin Sukundireba

Duk Kaikai babu wanda bai san shaidar Malam Haladu ba: zane biyu da ɗigo a tsakiya. Tana ƙotar fartanyarsa, tana bakin akushi, tana gindin turmi, tana cinyar shanun nomansa. Ko ludayi aka sayo, kafin a sha fura da shi sai ya sha jan ƙarfe. Gadon ubansa ne, ya kuma riƙe shi da hannu biyu. Mutane kan tsokane shi cewa da za a ƙyale shi, da kajin gidan ma ba su tsira ba. Shi kuwa ko a jikinsa, don garmarsa ko Rimaye ta je aro sai ta dawo.

Ɗansa na fari, Auwalu, bai yi gadon noma ba. Kankia ya tafi ya koyi gyaran wutar lantarki, ya dawo ya zauna Kusada. Malam yana son yaron nan kamar ransa, amma kunyar ɗan fari ba ta taɓa barinsa ya ambaci sunansa ba. Daga “kai” sai “wancan”.

Cikin kayan aikin Auwalu akwai wata sukundireba ja da ruwan ɗorawa, wadda ya sha wahala kafin ya samo. Ba irin ta tebur ba ce, da ake zura wa ƙarfe bututun roba, rana ta buga shi ya tsage. Ita wannan tare aka narka robar da ƙarfen, tun daga mariƙi har dab da baki. Ya taɓa nuna wa uban, ya ce, “Baba, bayan kiyayewar Allah, robar ga ce tsakanina da lahira.” Malam ya ji, amma abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne labarin da ya samu cewa abokan aiki suna ta aron kayan yaron ba sa mayarwa.

Wata Juma'a Auwalu ya zo gaisuwa, ya ajiye jakarsa a zaure ya shige wurin uwarsa. Malam ya sa ƙarfensa a garwashi. Ya zaro sukundirebar daga jakar, ya zaɓi ƙasan mariƙi kaɗan, inda ido zai gani, ya ja zane biyu, ya danna ɗigon har sai da ya ji ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Warin roba ya cika zauren, shi kuwa sai murmushi yake yi.

Da Auwalu ya fito ya gani, ya ɗauke ta ya shafa wurin da yatsa. Can ya ce, “Na gode, Baba.”

Zuwansa na gaba damina ta zauna. Malam ya hangi baƙin salatif naɗe a kan shaidar, ransa ya sosu.

“Kai, mi ka rufe nan? Kunyar shaidar gidanku kake ji?”

“A'a, Baba, don wuta ne.”

“Ni ma ai da wuta na yi ta.”

Auwalu ba mai ja da uba ba ne. Ya warware salatif ɗin a gabansa, wataƙila da niyyar sake naɗewa in ya fita. Bai ko tashi ba wayarsa ta yi ƙara. Kabir ne, mai injin niƙa a Kusada: akwatin wutar injin ya ƙone, ga mata sun yi layi da hatsi. Auwalu ya hau babur ya tafi.

Sauran labarin a bakin mutane Malam ya ji. Babu wuta lokacin da yaron ya fara aikin, ƙasa kuma jiƙe take da ruwan safe. Yana cikin ɗaure waya aka kawo wuta. Kafin la'asar an yi masa sutura. Masu gaisuwa suka ce kwana ne ya ƙare, wasu suka tsine wa kayan zamani marasa aminci, Malam ma ya taya su. A wurin wanka ya ga ɗan ƙuna a yatsan mamacin, ɗan ali, bai fi ƙwayar dawa ba, amma bai kawo komai a ransa ba.

Bayan an watse zaman makoki, sai ga Kabir ya yi sallama. Ya durƙusa, ya miƙo wani abu naɗe a leda.

“Cikin taɓo muka tsince ta, bayan injin. Ina ganin shaidar na ce ai wagga ta gidan Malam ce, kayanshi ba su ɓacewa.”

Malam ya karɓa, ya goge taɓon da bakin rigarsa. Ya riƙe ta yadda ya saba ganin yaron yana riƙewa, sai ɗan alinsa ya sauka daidai kan ɗigon. Ya ji sanyin ƙarfe. Ya ɗaga yatsan ya duba: ramin ya yi baƙi, faɗinsa bai fi ƙwayar dawa ba.

“Auwalu,” in ji shi, a hankali. Kabir ya sunkuyar da kai, don bai taɓa jin sunan a bakin dattijon ba.

Malam Haladu yana nan da ransa, yana noma abin da ya sawwaƙa. Sabuwar garmar da ya saya bara babu komai a ƙotarta. Wani ya ara tun farkon shuka, har yau ba ta dawo ba, shi kuma bai aika a tambaya ba.