Suma da Silifas a Ƙafa

Ina neman gafarar Allah kan sumar ƙarya da na yi a wata damina.

Ruwan fadamar shinkafa ne ya cinye mini tsakanin yatsun ƙafa, sai ƙaiƙayi. Akwai asibitin sha-ka-tafi a ƙauyenmu, amma na raina shi don man shafawa kawai za su ba ni. Ni kuwa a lokacin, in ba a rataya wa mutum ledar ƙarin ruwa ba, ban ɗauka an yi masa magani ba. Na kuma ji cewa a babban asibitin Gummi wanda aka kawo ranga-ranga ba ya bin layi, sashen gaggawa ake wucewa da shi.

Na lallaɓi ƙanena da wani ɗan kabu-kabu suka sa ni tsakiya a babur, yadda ake ɗaukar mara lafiya. Na saki wuya. Inna ta biyo mu har bakin hanya tana salati.

Da muka isa Gummi, aka shimfiɗa ni a gado ɗaya da ya rage. Wata dattijuwar nas ta zo ta tsaya a kaina.

"Tun yaushe ya suma?"

"Tun gida," in ji ƙanena.

"Tun gida, kuma silifas ɗinsa ba su faɗi a hanya ba? Dubi yadda ya damƙe su da yatsu."

Sababbi ne, shi ya sa. Na ƙara runtse ido.

Ana cikin haka wani makiyayi ya shigo ɗauke da matarsa, maciji ya sare ta. Babu gado, aka kwantar da ita a ƙasa.

Nas ɗin ba ta ɗaga murya ba. "Malam mai suma, in ka farfaɗo ka sanar da ni. Gadon nan take buƙata."

Na buɗe ido ɗaya. Ƙafar matar ta kumbura kamar turmi. Ban san sanda na diro ba.

"Alhamdu lillahi, ya tashi," in ji ƙanena, ba kunya.

Ƙarfen rataya ruwa ya karye, sai nas ta miƙo mini ledar. "Ba ita ka zo nema ba? Riƙe, ɗaga sama."

Na tsaya hannu a sama har ledar ta ƙare, ina sosa ƙafa da ƙafa. Matar ta rayu.

Washegari na bi layi a sha-ka-tafinmu. Man shafawa suka ba ni, kwana huɗu ya warke. Inna kuwa ta yi sati ba ta amsa gaisuwata ba.