Shanun Baffa a Cikin Littafi

Ranar wata Laraba ce cikin daminar 1996, ina aji huɗu a firamare, ruwa ya hana mu fita hutun tara. Ina sunkuye a bencin baya ina ƙarasa ƙahon wata saniya, sai na ji an zare littafin daga hannuna. Malamin ajinmu ne. Har na miƙa tafin hannu ina jiran bulala, sai na ga yana murmushi. Ya koma gaban allo ya ɗaga littafin sama yana buɗewa, kowane shafi da saniyarsa. "Duk naku ne?" Ni kuwa daɗin yabo ya ɗebe ni, na ce e, duka, ko ɗaya ban bari ba. Sai ya ce to 'yan aji su ƙirga. Suka haɗa baki, ɗaya, biyu, uku, har shafin ƙarshe, aka yi mini tafi. Ba zan faɗi inda ƙirgar ta tsaya ba, don har yau bakina ba ya iya furta shi.

A lokacin muna zaune a bayan Yalwawa, tun gine-gine ba su cinye wurin ba. Baffa, mahaifina, ya bar yawon kiwo ya zauna yana noman gero da dawa, amma garkensa na nan a bayan gida. Aikina da safe shi ne riƙe maraƙi idan Inna na tatsa, sai wankin ƙore, sai kwashe kashin shanu zuwa gona. Mai riƙon maraƙi ba ta da abin yi sai kallo, ni kuwa na kalla har na san wadda kunnenta ya tsage da wadda tozonta ya kwanta gefe ɗaya. Da laka na fara. Mukan ɗebo ta a bakin kududdufi, mu mulmula shanu mu soka musu ƙaya a madadin ƙaho, mu yi musu garke da tsakuwa. Nawa kullum tsagewa suke yi, har wata tsohuwa mai ginin tukwane ta gan ni ina ƙunƙuni ta ce, "Ki sa ƙaiƙayi a ciki, ki shanya a inuwa, 'yar nan. Rana ce ke fasa miki su." Suka daina tsagewa, amma awaki ba su daina tattake su ba, ruwan sama ma bai raga musu ba. Abin ya ishe ni, na koma takarda. Na bi tsofaffin littattafan makaranta na ciro shafukan da ba a taɓa ba, na ɗinke su da allurar Inna. Gawayi ne baƙina, jan ƙasa da na jiƙa da ƙaro shi ne jana, sai bular wanki da nake ɗiba a ɓoye. Tsinken asuwaki nake taunawa har bakinsa ya yi laushi in shafa da shi. Na sa wa kaina doka, kullum bayan la'asar saniya ɗaya, kuma ba na tashi sai ta yi kama da kanta.

Abin da ban auna ba shi ne, a gidanmu ba a ƙirga shanu. Baffa da suna ya san su. Da yamma sai ya tsaya a bakin garke ya bi su da ido, in akwai wadda ba ta dawo ba nan take ya kira sunanta. In baƙo ya tambaye shi yawansu sai ya ce, "'Yan kaɗan ne, Allah ya sa musu albarka," ya kawo wata hira. Tsoron baki da ido ne, da kuma kunyar a ce mutum yana nuna abin hannunsa. Duk na san wannan, amma na ɗauka maganar baki kawai aka hana, ban taɓa kawowa zane ma ƙirga ba ne. Yara kuwa ba su riƙe ba. Kafin Juma'a zancen ya zaga unguwa, har wani ya tare Baffa a ƙofar masallaci cikin raha, ya gaishe shi da adadin garkensa a gaban mutane.

Da ya dawo bai ɗaga murya ba, dama ba halinsa ba ne. Ya shimfiɗa buzunsa a gindin darbejiya ya ce in kawo littafin. Inna ta tsayar da kaɗin nono. Murhu na ci a gefe, ni kuma idona na kansa, don na gama sakankancewa can littafin zai ƙare. Na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu. Ya daɗe yana buɗewa, a kowane shafi leɓensa na motsi da sunan mai shafin, ko sau ɗaya bai yi kuskure ba. Ya tambayi wanda ya koya mini, na ce babu kowa, Baffa. Ya ce, "Kin tona mana asiri, amma ba ki yi musu ƙarya ba." Sai ya kama shafi uku ya yage su a hankali daga jikin ɗinkin: Wule, da Fure, da wata tsohuwar saniya da ya gada a wurin mahaifinsa. Ya ninke su ya sa a aljihu, ya miƙo mini sauran. "Yanzu duk wanda ya ƙirga ya yi kuskure. Ki ci gaba da abinki, amma kada ki ƙara haɗa su duka wuri ɗaya." Na koma bayan rumbu na sha kuka. Ba na godiya ba ne, haushi ne zalla, don waɗannan ukun su na fi shan wahala a kansu. Mako guda ina gaishe shi a takaice.

Ban daina zane ba. Da shari'a ta zo ana ta maganar zanen abu mai rai, ba wanda ya hana ni, ni da kaina na karkata ga duwatsun garinmu da itatuwan dabino da rumbuna, na cika littattafai da su. Garken kuwa sai raguwa yake. Burtali ya zama layin gidaje, aka sayar da wasu, aka kai wasu wurin 'yan'uwa wajen Taura. Bayan rasuwar Baffa na bincike akwatinsa da aljihunan rigunansa, ban ga takardun nan ba.

Yanzu ina da littattafan zane masu kaurin takarda da fenti kala-kala daga Kano, kuma ba wanda zai karɓe mini su. Na gwada sake zana Wule ba sau ɗaya ba, hannuna ya ƙi kamo ta. Inda garkenmu yake a da, yau shagon caji ne da katangar bulo. Tsohon littafin na nan a wurina, da guntayen takarda uku a jikin zaren. Na yi shekaru ina cewa Baffa ya ɗauke mini waɗanda suka fi kyau. Sai da na girma na gane ba kyan zanen ya duba ba, waɗanda ba ya son idon kowa ya sauka a kansu ya ɗauke. Ina ma na tambaye shi inda ya ajiye su.