Furen Kuɓewar Inna

Ni ne ɗan farin Inna, don haka tun tasowata ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan tana da saƙo gare ni, ƙanwata take faɗa wa, ko da ina zaune a gabanta: "Ki ce wa wancan tuwonsa na nan a rufe." Ni ma ta bakin ƙanwar nake mayar da amsa. Haka muka saba.

A daminar da ɓarin jikinta ya shanye, ƙanwata ta ɗauke ta zuwa gidanta a Bacirawa don a fi kusa da asibiti. Inna ta bar kuɓewar da ta shuka da hannunta a bayan ɗaki, can ƙauye. Da na je dubiya, ta juya fuska ga bango ta ce, "Ki tambayi wancan ko kuɓewata ta yi fure. Ina son in gani."

Da na koma gida na duba, ta yi kuwa. Washegari na tsinko ɗaya da safe, rawaya mai jan ciki, na sa a aljihu na hau mota. Kafin mu isa ya yamutse kamar tsumma. A ƙofar gida na yar da shi, na ce mantawa na yi.

Sai na yi shawarar ɗaukar hoto. Ina tsugune a gaban kuɓewa da waya a hannu, taubashina ya leƙo ta kan darni.

"Malam ɗan boko! Tun da ka shiga ajin yaƙi da jahilci sai a hankali. Yanzu ganyen miya kake ɗauka hoto? Ka ce mata ta yi murmushi mana!"

Matan gida suka kwashe da dariya. Na danna sau ɗaya na miƙe, ina kakkaɓe gwiwa kamar wanda ya zo duba gara.

Idon Inna ba ya ganin abu ƙarami, gilashin wayata kuma a fashe yake. Na kai wani shago a Minjibir a fitar mini a takarda babba. Mai shagon ya ce baƙar tawada kawai ta rage masa. Hoton ya fito ba rawaya, ba ja. Furen fari fat, cikinsa baƙi, jijiyoyinsa duk sun bayyana kamar na bayan hannun tsohuwa. Har hujin da tsutsa ta yi wa ganye ya fito. A mota na yi ta jin nauyi: mace ta ce tana son ganin furenta, ni kuma na kawo mata inuwarsa.

Ƙanwata ta karɓa ta yi tsaki. "Yaya, wannan ai kamar hoton mamaci."

Inna ta miƙo hannunta mai lafiya. Ta kawo takardar kusa da hancinta, ta daɗe tana bin gefen furen da babban yatsa. Ta gane ko wace ce: ta kusa da randa, wadda akuya ta taɓa cinye wa kai ta sake tohowa.

Sannan ta sauke takardar ta dube ni. Ni ɗin, ba bango ba.

"Ka tsinke 'ya'yan tun suna da taushi," in ji ta. "Ka yanka ka shanya. Ka ji?"

Furfura ta fara fito mini, amma ban taɓa jin "ka" daga bakinta ba sai ranar. Kunya ta rufe ni. Na sunkuyar da kai, na juya wajen ƙanwata na ce, "Ki ce mata zan yi."

Inna ta jira kaɗan. Sai ta mayar da idonta kan takardar.

Ba ta kai kaka ba, Allah ya yi mata rasuwa. Kuɓewar na yanka na shanya kamar yadda ta ce, muka sha miyarta har bazara. Hoton yana manne a bangon ɗakina, ya fara yin ja-ja a gefe. Wani lokaci idan ba kowa nakan tsaya a gabansa in ce, "Na ji, Inna."