Layukan Haske A Kan Gilashina

Ranar wata Alhamis da hantsi, a bazarar shekarar da Baba ya cire ni daga aji biyu ya haɗa ni da awaki, na fara ganin haske ya ja layi. A ɗakin Malam Bitrus ne, wani malamin kimiyya mutumin Filato da ke haya a bayan gidanmu a Roni. Ya rufe ƙofa, ya toshe taga da buhu, ya kunna risho ya barbaɗa gishiri a kan wutar, sai ɗakin ya koma rawaya. Ya ɗora wani ɗan gilashi a kan wani, ya ce in sunkuya. Sai ga layuka baƙi da rawaya sun jeru kamar kunyoyin gona, alhali babu wanda ya zana su.

Madubin hangen nesa yake haɗawa, irin wanda ake kallon wata da shi. Babban madubin ya gama, saura ƙarami mai karkato haske zuwa ido, wanda dole fuskarsa ta zama shimfiɗaɗɗiya sarai. Ya bayyana mini cewa haske na dawowa daga fuskokin gilasan biyu, inda ya haɗu ya ƙarfafa juna sai a ga haske, inda ya kashe juna sai a ga duhu. Gilashin sama shi ne ma'auni. "Idan layukan suka miƙe, aikinka ya yi," in ji shi. "Idan suka lanƙwashe, akwai tudu ko kwari, ko da hannunka bai ji ba." Ya ba ni ƙaramin, da faifan kwalta na goga shi, da gari mai kaushi, da wani jan gari mai laushi da ake jiƙawa, ya ce in ya miƙe kafin ƙarshen zango nawa za a sa, don an yi masa canjin wurin aiki.

Da asuba nakan ɗebo ruwa, in share turke, in kora awaki gindin duwatsu. Sa'annina na can suna langa da harbin ƙadangare, ni kuwa ina cikin wani loko inda iska ba ta kawo ƙura, ina goga gilashi a kan kwalta. Duk ranar da na samu sarari sai in kai a gwada. Layukan sun fara kamar ƙahon rago, a hankali suka zama kamar baka, har suka kusa miƙewa.

Wata rana na bar gilashin a alkuki na tafi aike. Goggo Ladi, yayar Baba, ta gan shi duk jan gari, ta ɗauka datti ne. Mace ce da ba ta iya ganin kwano ya dushe, sai ta haɗa shi da tukwane ta dirje shi da toka da yashi. Ta miƙo mini tana murmushi ta ce, "Ungo, ɗan nan, na hutar da kai. Dubi yadda yake ƙyalli." Da ni da Malam muka ɗora shi a ƙarƙashin wutar gishiri, layukan sun kakkarye kamar kaji sun yi tono a kai.

A gida kowa ya ce rigima ce kawai. Baba ya ɗaga gilashin ya ga fuskarsa, ya ce, "To me ya rage? Ka kasa karanta allon makaranta, sai layin da babu mai gani sai kai da Malam?" Ya ce in na sake taka ɗakin nan zan sha dorina. Ban taɓa mayar masa da magana ba, amma ran nan na ce, "Baba, bai miƙe ba." Na sha dorinar. Washegari na ɗauki faifaina na koma loko, na faro daga gari mai kaushi. Damina ta sauka, noma ya ƙaru, hannuwana suka yi kanta, na sake shan duka, ban daina ba.

Ana saura kwanaki Malam ya tafi, layukan suka miƙe, in ban da wata kusurwa da suka ɗan sunkuya. Ya daɗe yana dubawa kafin ya ce ya isa. Ya shafa masa ruwan azurfa, ya ɗaura shi cikin bututun madubin hangen nesan. Da la'asar, rabin wata na tsaye fari a sama, na sa ido na ga ramuka da duwatsu a jikinsa. Goggo ta leƙa, ta ja da baya tana salati. Baba bai zo ba, har ya rasu bai taɓa tayar da zancen ba.

Yau jikokin Goggo na nuna mini wata a waya, ya fi wanda na gani fitowa, kafin in gama kallo sun wuce zuwa wani hoton. Ni kuma da furfurata nake zuwa ajin yaƙi da jahilci, matasan bakin kasuwa na tsokanata wai sai yanzu. Ina kewar ɗakin nan mai warin kananzir, da mutumin da ya yarda ya ba ɗan kiwo aikinsa. Wannan rubutun ma sau da yawa na goge na sake, kuma babu wanda zai sa ni in ce ya yi kafin ya yi.