Dije da alewar auduga

Duk wanda aka kai wa gara a Soron Ɗinki cikin shekarun nan, to da wuya bai ci alkakin yayata Dije ba. Ita ke yin alkaki da nakiya da dubulan tun muna 'yammata, kuma tun rasuwar mijinta Malam Nata'ala, mai ɗinkin manyan riguna, da wannan sana'ar ta riƙe gidan. Harshenta shi ne ma'auninta. Za ta lashi zuma ta ce an haɗa ta da sikari, mai zuma ya yi ta rantsuwa, daga baya ya dawo yana sosa ƙeya.

Abu na biyu da aka san ta da shi kunya. Ni ƙanwarta ce, ciki ɗaya, amma ni dai ban samu wannan rabon ba, kuma ban yi baƙin ciki ba. Dije ba ta taɓa faɗin sunan 'yarta ta fari Ummulkhairi ba, sai dai ta ce "yarinyar nan", alhali yarinyar nan ita ma ta zama uwa. Surukinta kuwa, Mikail mijin Ummulkhairi, malamin makaranta ne a Ƙofar Kabuga, ko ruwa ba ta taɓa sha a gabansa ba. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci zai zo ya tsuguna a ƙofar ɗakinta, ita tana bayan labule, su gaisa kamar masu tsoron tashin jariri. Da wannan take tinƙaho. Takan ce matan yanzu har hira suke da surukansu suna tauna goro, ita kam Allah Ya tsare ta.

Da ƙaramar Sallar bara Ummulkhairi tana da tsohon ciki, 'yarsu Ikram kuma ta kafe sai an kai ta filin wasan yara, kuma sai da kakarta. Dije ta ce ba da ita ba. Ikram ta kwanta a tsakar gida da kayan Sallarta tana birgima, har Dije ta sauko. Amma motar Mikail ta ce ba za ta shiga ba. Shi ya ɗauki 'yarsa ya yi gaba, mu muka bi su a adaidaita, abin da har yau in na tuna yake ba ni haushi.

Filin ya cika maƙil. Ga lilo iri-iri, ga wani ƙato mai kama da ƙafar keke yana ɗaga mutane sama yana sauko da su a hankali. Ta ɗaya gefen kuma rumfunan ciye-ciye ne a jere, ƙamshin tsire da gugguru da man suya ya gauraye. Mikail ya sayo kaya cike da leda ya ba Ikram ta kawo mana, shi yana tsaye can nesa yana kallon takalminsa.

"Ki ce masa an gode, a ƙoshe nake," in ji Dije. Tun koko na safe ba ta sa komai a cikinta ba.

Da ya ja Ikram suka tafi wajen lilo, sai na ga Dije ta tsaya cak a gaban wata rumfa. Wani mutum ne yake zuba sikari a tsakiyar wata tasa mai juyawa, yana zagaya tsinke a ciki, sai ga abu kamar auduga yana naɗuwa, ruwan hoda, ya fi kan mutum girma.

"Sa'ida," ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "sikari ne fa ya zuba. Na gani da idona. Ta yaya sikari zai zama haka?"

"Ki ɗanɗana mana, Yaya."

"A nan? A tsaye? Ke dai ba ki da ta ido."

Amma ba ta matsa ba. Matar da ta yi rayuwarta a kan sikari da wuta, ga wani yana yin abin da ba ta sani ba. Na saya, na haɗa da askirim, na ja hannunta. Ita da kanta ta nemo wuri, wani lungu tsakanin bayan rumfunan da katangar filin. Ta leƙa gabas, ta leƙa yamma, ta tsayar da ni a bakin lungun in yi gadi. A unguwarmu in katanga ta kare ki ta kowane gefe, to kin ɓuya, babu mai ganinki sai Allah. Haka ta sani, haka ni ma na sani.

Ta tsuguna, ta sauke mayafi a kafaɗa, ta yi bisimilla. Lomar farko ta narke kafin ta tauna, ta buɗe ido tana neman inda ta shiga. Ta ƙara. Ta ce wannan yaudara ce, babu komai a ciki, ta kuma ƙarawa. Daga nan ta buɗe ledar Mikail. Guggurun ta ce sikarinsa ya ƙone kaɗan. Shawarma kuwa sai da ta warware ta ta duba cikinta kamar mai tsintar shinkafa, ta ce kabeji ya yi yawa, sannan ta cinye. Askirim yana gangarowa ta gwiwar hannunta tana bin sa da harshe. Rabon da in ga yayata tana jin daɗi haka tun muna yara, har na bar gadin na tsaya kallonta.

Sai muka ji murya daga sama.

"Kaka! Ki rage min!"

Muka ɗaga kai tare. An ɗauke wuta, ƙaton lilon nan ya tsaya, kuma kujerar da ta tsaya daidai saman lungunmu ita ce ta Ikram da ubanta. Ikram tana ɗaga hannu. Mikail ya cire hularsa yana leƙa cikinta kamar ya yar da wani abu a ciki. Dije tana tsugune, kai ba mayafi, leɓe da haɓa duk ruwan hoda, tsinke a hannu. Ta sunkuyar da kai. Haka suka zauna, shi a sama ita a ƙasa, har aka tayar da janareto. Ni kaina da ba ni da kunya, ranar na ji ta.

Ba ta jira sun sauko ba. A cikin adaidaita ta rufe fuska da mayafi, hawaye na bin gefen hancinta. Abin da ta ce kawai shi ne, "Na zubar da girmana saboda sikari."

Juma'a ta zo, Mikail ya yi sallama, ta aika a ce tana barci. Ta gaba ta ce tana lazimi. Ummulkhairi ta haihu, Dije ta yi alkakin suna mai kyau ta ba ni in kai, ta ce ita ƙafarta ke ciwo. Mai jego ta yi ta kuka. Raina ya ɓaci, na ce wa Dije kunyar da za ta hana uwa ganin jikanta ba kunya ba ce, wauta ce. Ta juya min baya.

Ana gobe suna Mikail ya tare ni a soron gidan Dije.

"Inna Sa'ida, don Allah ki gaya wa Inna ni ban ga komai ba. Tsoron sama nake ji, tun da lilon ya tashi idona a rufe yake."

Na kai saƙo yadda ya ba ni. Dije ta tambaye ni ko da gaske haka ya ce, na ce ƙwarai. Na ga kafaɗunta sun sauka. Har ta fara tambayar wane zane ya kamata ta ɗaura gobe.

Sai ga Ikram ta shigo da leda, ta ce Abbanta ya ce a ba Kaka. Bawan Allah, so yake ya faranta mata. Dije ta buɗe. Alewar auduga ce, ruwan hoda, zafi ya sa ta tsuke ta koma kamar dunƙulen hannu.

Ta daɗe tana kallonta.

"Mai ido a rufe," ta ce, "har kala ya gani."

Na zaci shi ke nan, an koma gidan jiya. Amma ta gyara mayafinta, ta saki labule, ta ce da ni, "Yana soron? Ki ce ya shigo mu gaisa. Malami guda ya yi ƙarya don ya rufa min asiri, ba zan bar shi a tsaye ba."

Ya shigo ya tsuguna inda ya saba. Suka gaisa, babu wanda ya ambaci komai. Da ya tafi ta kore mu ni da Ikram, ta turo ƙofa. Ta tagar ɗakin na hango ta zaune a bakin gado da ledar a cinya. Kafin ta sa hannu, sai da ta ɗaga kai ta duba rufin ɗakin.