Ta Ciki Ake Tsaga Shi a Osaka

Masuji ɗan Osaka ne, a cikin hayaƙin gashin kifin unagi aka haife shi. Ubansa ya so ya bar masa shagonsa na gashin kifin, amma tun yana saurayi ya bi wata yarinya zuwa Tokyo, ya aure ta, ya ɗauki sunan gidansu, Kuroiwa, ya gaji murhun gashin unagi na surukinsa. Shagon Osaka ya faɗa wuyan yayarsa Tokiko. Tun daga nan ba ta ƙara kiransa da sunansa ba, ko a wajen jana'izar uban.

Mutanen Tokyo ta baya suke tsaga wannan dogon kifi mai santsi, wai tsaga ciki ya yi kama da yadda mayaƙan dā ke kashe kansu. Sai sun turara shi ya yi lugub kafin ya hau gawayi. Mutanen Osaka kuwa 'yan kasuwa ne, ta ciki suke farke shi, su ce ai wanda bai buɗe cikinsa ba ba a ciniki da shi. Masuji ya koyi na surukai har hannunsa ya faɗa. Ga shi da zurfin cikin tsiya, ko matarsa Harue ba ta taɓa jin ya ce yana kewar gida ba, alhali kewar na cinsa.

Bayan shekaru masu yawa, a wata bazara, ranar da ake kira Ranar Bijimin Sa, ranar da kowa ke neman unagi don kada zafi ya kayar da shi, layi ya kai har bakin kwana. Masuji na fifita wuta, gumi har cikin ido, sai ga wata tsohuwa ta ratso layin da sanda, ta rame kamar tsinke. Mafici ya tsaya a hannunsa.

"Yaya?"

"Sannu da aiki, Maigida Kuroiwa," in ji Tokiko. "Na rufe shago, ƙafa ta ƙi. Likita ma ya ce kada in sa rai da baɗi. Na ce bari in zo in ɗanɗana kunun kifin nan da aka bar gidan uba dominsa."

Harue ta yi maza ta ba ta wuri. Masuji ya ajiye mafici. Ya cafko kifi daga ruwa, ya kafe kansa da ƙusa a katako, sai kuma ya birkice shi, ciki ya dubi sama.

Wani tsoho mai zuwa shagon kullum ya zabura. "Kai, maigida! Zafin ne ya taɓa maka kai? Ta ciki? A garin nan?"

"Bar shi, Baba," in ji Harue. "Ci shinkafarka."

Wuƙar ba irin ta Osaka ba ce, hannun ma ya manta hanya. Yankan ya ɗan karkace wajen wutsiya. Bai turara ba, ya ɗora a wuta kai tsaye, yana juyawa yana tsomawa a romo har fatar ta yi ƙaras-ƙaras. Ya ɗora bisa shinkafa ya kai gabanta da hannu biyu. Tsoro yake ji, dattijo da furfurarsa, tsoron kada ta ture kwanon ta tashi, don ya san in ta fita ƙofar nan sai a lahira.

Ta ɗaga naman da tsinken cin abinci, ta duba ƙasansa kamar mai neman laifi, ta kuwa samu. Ta kai baki. Ta daɗe tana tauna da 'yan haƙoran da suka rage mata, hawaye na bin kumatunta.

"Dubi yanka don Allah, kamar da gatari. Da Babanmu na nan da ka sha mari." Ta share ido da bayan hannu, ta yunƙura tana dafa tebur. "Masuji, wawa, miƙo min wuƙar nan in nuna maka."