Ranar da Muka Share wa Jirgin Baba Hanya

Akwai wata Lahadi a garin Laurel, nan ƙasar Turawa, da ba na jin za ta taɓa fita daga raina, ko da na tsufa na ruɗe. Ba mutuwa aka yi a ranar ba, ba kuma haɗari ba. Jirgin ƙasa ne na wasa ya ƙi tafiya, amma har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

A lokacin ina aikin kula da wani dattijo a gidansa. Injiniya ne da ya yi ritaya, Kirista daga kudancin Kaduna, ni kuwa Bazazzagi ne, don haka Hausa muke yi, ina kiransa Baba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, sai a keken guragu. Ni nake masa wanka, in ba shi abinci, da yamma kuma in wuce ajin karatun manya a Wheaton. Shi ya sa yake tsokanata da Ɗalibi.

Mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne a Kafanchan, kuma Baba bai taɓa rabuwa da son jirgi ba. A bayan gidansa ya shimfiɗa ƙaramin layin dogo na tagulla, ya zagaye lambun gaba ɗaya, da gada, da tasha, da rami a ƙarƙashin duwatsu. Tsarin tsohon yayi ne: wuta tana fitowa daga taransfoma ta bi ta cikin layin, jirgi ya sha ta ƙafafunsa. In ka murɗa maɓalli ya ƙara gudu, in ka mayar ya tsaya. To tun da ciwo ya kwantar da shi ba wanda ya taɓa layin. Dusar ƙanƙara ta sauka a kai ta narke, ganye ya ruɓe, ƙaron itace da kashin tsuntsaye suka bi, tagulla ta koma baƙa ƙirin.

'Yarsa nas ce, nan aka haife ta, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Ta yi iya ƙoƙarinta, daga baya dai dole aka sayar da gidan, aka samo wa Baba ɗaki a gidan kula da tsofaffi. Ranar Litinin za a kai shi. Da aka gaya masa bai yi gardama ba, abu ɗaya ya roƙa, ya ga koren jirginsa ya zagaye lambun sau ɗaya kafin ya tafi. Shi ya yi masa fenti da hannunsa, irin launin jiragen da yake ɗaga wa hannu yana yaro.

Sai 'yar ta sayo wani kan jirgi na musamman mai share layi, rawaya, da wasu tayoyi masu kaushi a gaba da ke juyawa suna kankare dauɗa. Ya iso ranar Asabar. Lahadi da hantsi na turo Baba bakin lambu, na rufa masa bargo a gwiwa.

"Ɗalibi, goge masa wurin tashi tukuna," in ji shi, maganar tana fita da ƙyar ta gefen baki. "Shi ma ta layin yake cin abinci."

Na goge kamar kamu biyu da hannu, na ɗora shi, na murɗa kaɗan. Shiru. Baba ya ce in ƙara, wai wannan ba ya fara shara sai an ba shi wuta sosai. Na ƙara, fitilun kansa suka fara walƙiya, ya ɗauki ƙara kamar injin niƙa, ya kama hanya a hankali yana barin layi yana ƙyalli a bayansa. Rabon da in ga Baba ya yi dariya har haƙora sun fito na manta.

Murnar ba ta yi nisa ba. Yana isa gindin babbar bishiya ya tsaya. Dauɗar wurin ta fi ƙarfin shara ɗaya, ƙafafunsa suka hau abin da bai kankaru ba, wuta ta yanke. Na tura shi da yatsa, ya farfaɗo, ya yi taku kaɗan, ya sake mutuwa. Na durƙusa na goge gabansa da hannu, ya bi ni a baya.

"Yanzu wa ke wa wani aiki, kai ko shi?" Baba ya tambaya.

"Baba, ai oga ne, ni yaronsa ne."

"Ka samu ci gaba. Daga oga gurgu zuwa oga rawaya."

Haka muka wuni. A bayan gada muka tarar sanyi ya sassauta mahaɗar layukan, wuta ba ta tsallakawa, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya da filaya ina matsewa. 'Yarsa ta dawo daga coci, ko kaya ba ta canza ba ta durƙusa ta kama tsince ganye daga cikin ramin. Ta ce min, Kawu, ko za mu bar shi haka? Na ce mu ƙara kaɗan. Na yi sallar azahar da la'asar a gefen ciyawa, gwiwoyina duk laka.

Abin da ya fara damuna shi ne taransfomar. Tsohuwa ce, kuma mai sharar nan da injinan cikinsa ya fi ƙarfinta. In ta yi zafi sai ta ɗauke, mu jira ta huce. Na ce wa Baba ko in ƙarasa da hannu. Ya dubi tsawon abin da ya rage, ya dubi rana, ya ce hannu ba zai kai mu ba kafin duhu. Gaskiya ya faɗa. Muka ci gaba.

Daf da faɗuwar rana mai shara ya fito daga rami, ya hau gada, ya dawo tashar da ya baro da safe. Layi ya yi tas, yana ɗaukar ido daga farko har ƙarshe. 'Yar ta yi tafi. Baba bai yi ba, cewa kawai ya yi, "Wannan ai mai shara ne. Kawo jirgin."

Na ɗauko koren jirgin daga gareji, na jera masa taragu, na murɗa. Fitilarsa ta kama, ya motsa kamar tsawon hannu, sai muka ji wani ɗan ƙara daga taransfoma, warin ƙonewa ya biyo. Na kashe, na jira, na kunna. Na canza soket. Na jira kuma. 'Yar tana ta duba waya, ba inda za a samu wata taransfomar kafin tsakiyar mako. Mota kuwa gobe da safe.

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Na durƙusa na kama jirgin ta sama na fara tura shi a kan layin, ina rarrafe, taragu suna biye. Na wuce tasha, na nufi gada. 'Yar ta juya baya tana goge ido.

"Ɗalibi."

"Na'am, Baba."

"Bari haka, ɗana. Abin da ake turawa amalanke ne. Mai da ni ciki, sanyi nake ji."

Na mayar da shi. Bai sake waiwayen lambun ba, ko da safe da motar ta zo. Ya yi wasu watanni a can, ina zuwa gaishe shi, bai ƙara ambaton jirgi ba ko sau ɗaya, ni ma ban yi ƙarfin halin tayar da zancen ba. A can ya cika.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi ban samu ba. Kowa ya yi abin da zai iya, sai dai duk a rana ɗaya muka yi shi, ranar ƙarshe. Abin da na koya shi ne, akwai abubuwan da kulawar kullum kaɗai ke riƙe su, kaɗan yau, kaɗan gobe. In aka bari suka taru, ko an sayo inji, ko an zub da gumi har magariba, sai a gama gyara hanya a tarar mai tafiyar ya riga ya haƙura.